Kwana uku a Dubai da jika sittin: in hau dogon benen nan ko in bari?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa Dubai. Shekara shida ke nan ina tsaron shagon kawuna a babbar kasuwar Maraɗi, kayan salula muke sayarwa, caja da batir da gilashin waya. Bana ciwon ƙafa ya matsa masa, likita ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce ni zan je sarin kaya a madadinsa cikin watan Janairu. Biza ta fito, tikiti yana hannu. Ta Yamai zan bi, in canja jirgi a Adis Ababa. Kwana bakwai zan yi. Kawu ya ce huɗu sun isa sayayya da kai kaya wurin masu kargo, ukun da suka rage nawa ne.

Kuɗin kaya amana ne, ko dala ba zan taɓa ba. Masauki da abinci Kawu ya ɗauka. Abin da na tara na kaina jika sittin ne na sefa, mai canji ya ce zai ba ni wajen dirhami 370. Tun ina yaro hoton dogon benen nan, Burj Khalifa, yake manne a bangon shagon mai askin unguwarmu, ina kallonsa ana yi mini aski. Yanzu kuma an ce kuɗin hawansa kaɗai zai cinye kusan rabin guzurina. Shin in hau, ko akwai abin da ya fi shi? Ba na son in dawo ban ga komai ba sai cikin shaguna.

Alhaji na Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba kawunka lafiya, ya kai ka ya dawo da kai lafiya. Tun 2003 nake zuwa garin nan sarin yadi da lesi, lokacin ba a ma fara haƙa tushen benen da kake magana ba, jirgin ƙasan cikin gari kuwa sai 2009 aka buɗe shi. Har yau ban taɓa hawan benen ba. Ba hana ka nake yi ba, amma ka ji abin da nake ganin ya kamata ɗan kasuwa ya fara gani.

Masaukinka na san a Deira zai kasance, wajen Naif ko Sabkha, don can mutanenmu suke sauka. Ranar farko da ka samu kanka, ka yi sallar asuba, ka sha shayin karak na Indiyawa a bakin hanya, ka taka da ƙafa zuwa bakin ruwa. Wani reshen teku ne ya kutso cikin gari ya raba shi biyu, Deira a nan, Bur Dubai a can. Akwai kwale-kwalen katako mai inji da suke kira abra, kusan irin wanda za ka gani a tafkin Madarunfa, sai dai yana da rumfa da benci a tsakiya, mutum ashirin yake ɗauka. Dirhami ɗaya ake biya, a hannun direba ake ba shi bayan an tashi. Minti biyar kun haye. Dirhami ɗayan nan, dala talatin da 'yan kai a kuɗinmu, ya fi mini duk abin da na taɓa biya a garin.

Kafin ka shiga kwale-kwalen, ka bi bakin ruwan ta ɓangaren Deira ka tsaya inda manyan jiragen katako suke lodi. Za ka ga firji da tayoyi da buhunan shinkafa da katan-katan na kaya jibge, ana ɗora su da hannu, za a kai Iran da Somaliya. Zuwana na farko na kai awa biyu a tsaye wurin, ina kallon kaya sun kwana a fili ba mai gadi a kansu. Na tuna tashar Ɗan Isa da yadda muke kwana kan buhunanmu. Daga nan garin ya tashi, ɗana. Mutanen wurin masu nutso ne a da, lu'ulu'u suke tsamowa daga ƙasan teku su sayar. Da Japanawa suka gano yadda ake kiwon lu'ulu'u, kasuwar ta mutu a shekarun 1930, aka shiga yunwa. Sheikh Rashid, mahaifin sarkinsu na yanzu, shi ya ciwo bashi ya sa aka yashe wannan ruwan a ƙarshen shekarun 1950 don manyan jirage su iya shigowa. Man fetur sai 1966 aka same shi, kuma nasu bai taɓa kai na Abu Dhabi ba. Fatauci ne ya gina garin, kamar yadda gyaɗa da fatauci suka gina Maraɗi. Shi ya sa nake so ka fara da nan.

In ka haye, ka bi ta kasuwar yadi ka fito unguwar Al Fahidi. Shiga kyauta ne. Tsofaffin gidaje ne da lunguna matsattsu, kowane gida da wata hasumiya a kansa mai buɗaɗɗun tagogi ta gefe huɗu, tana kama iska ta tura ta cikin ɗaki. Da ita suke maganin zafi kafin wutar lantarki. Ka shiga ɗaya ka tsaya ƙarƙashinta, za ka tuna sanyin soron kakanka na ƙasa da azara, wanda muka rushe muka yi kwano muna gasuwa. A gefe akwai tsohon gidan tsaronsu na 1787, shi ne gini mafi tsufa a garin.

Da la'asar ka dawo Deira ka zaga kasuwar kayan yaji da ta zinariya. Kallo ba a biya. Da magariba ka hau jirgin ƙasa zuwa babbar kasuwar Dubai Mall, ka fita ta baya. A nan ruwa yake rawa da kiɗa a gindin benen naka, duk bayan rabin awa tun daga ƙarfe shida na yamma, ba ko sisi. Ka ɗaga kai ka gan shi, mita 828 cif. Ni daga ƙasa nake kallonsa, kuma ya ishe ni.

Bamaraɗe a Deira:

Ranka ya daɗe Alhaji, ka gama magana. Ni ɗan unguwar Ali Ɗan Sofo ne a Maraɗi, shekara huɗu ina aiki a wani shagon kargo a nan. Ƙanena, bari in ƙara maka abin da zai tsare maka kuɗi.

Kana sauka filin jirgi ka sayi katin Nol mai launin azurfa, dirhami 25 ne, 19 suna ciki na hawa. Da shi za ka hau jirgin ƙasa da bas. Tafiya kusa dirhami 3, matsakaiciya 5, mai nisa 7 da rabi. Kar ka shiga tasi sai dole. Layi biyu ne, ja da kore, suna haɗuwa a tashar Union da ta BurJuman. Koren shi ke zaga Deira, jan shi ke zuwa filin jirgi da Dubai Mall har Marina. Jirgin ba direba, kuma yawancin jan layin a sama yake tafiya, don haka ka samu gefen taga ka yi ta tafiya har tashar Ibn Battuta, ka ga dogayen benayen titin Sheikh Zayed duka da kuɗin shayi. Wannan Ibn Battuta da suka sa wa kasuwa sunansa ya taka ƙasarmu, ya zo Takadda ta yankin Agadas a 1353.

Tara ce ke cinye kuɗin baƙi. Akwai taragon mata da yara, namiji ya shiga tarar dirhami 100. Akwai taragon masu katin zinariya, kar ka shiga da naka. Ba a ci ba a sha a ciki, har cingam. Tsallake titi inda ba a yarda ba dirhami 400 ne, ka ga ya wuce guzurinka gaba ɗaya. Kar ka ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba, musamman mata da 'yan sanda, laifi ne a dokarsu. Kuma don Allah kar ka karɓi saƙon kowa a Yamai, ko da ƙullin magani ne aka ce na ciwon baya. Tramadol a nan gidan yari yake kai mutum.

Ka riƙa yawo da gorar ruwa, masallatai da yawa suna da ruwan sanyi na sadaka. Ka yi sa'a da Janairu, lokacin sanyinsu ne, za ka iya yawo da ƙafa. Da a watan Yuli ne, zafin ya wuce 40 ga gumin teku, na watan Afrilun Maraɗi ma ya fi shi sauƙi don namu busasshe ne.

In ni ne kai, kwana ɗaya na Abu Dhabi ne. Bas yana tashi daga Al Ghubaiba, dirhami 25 zuwa, 25 dawowa, da katin Nol, kusan awa biyu. In ka sauka sai ka ƙara wata mota zuwa masallacin Sheikh Zayed. Shiga kyauta, ka dai yi rajista ta intanet kafin ka je. Ƙubba 82, farin dutse ko'ina, yana ɗaukar mutum fiye da dubu 40, dardumar cikinsa a Iran aka saƙa ta da hannu. Ranar da na fara sallar magariba a can na kasa tashi da wuri.

Hajiya mai turare:

Alhaji, a yi mini afuwa, yau dai ban bi bayanka ba. Yaron nan ya ce tun yana ƙarami yake kallon hoton nan. Ka je sau talatin, shi bai san ko zai sake komawa ba. Ɗana, ka hau.

Ni na hau shekara uku da suka wuce, ni da 'yata. Na yi ta jan ƙafa saboda kuɗin, ita ta matsa. Na'urar hawa ta kai mu hawa na 124 cikin kamar minti ɗaya, kunnuwana suka toshe. Da na leƙa ta gilashi sai na fahimci abin da ban gane ba duk shekarun da nake yawo a ƙasa: garin siriri ne, kamar an shimfiɗa ɗankwali tsakanin teku da rairayi. Ta nan ruwa, ta can hamada irin ta hanyar Dakwaro zuwa arewa, ba komai sai yashi, kuma ba nisa. Benayen da nake ɗaga kai ina kallo sun koma ƙarƙashin ƙafata. Na yi ta tasbihi. Na tuna mahaifina da ya je Makka ta ƙasa, da abin da zai ce da ya ga wannan.

Ga yadda za ka rage kuɗin. Ka sa Bamaraɗe ya saya maka tikitin ta intanet tun kafin ranar, ka zaɓi na safe. Na faɗuwar rana ya fi tsada sosai, na hawa na 148 kuwa ba namu ba ne. Na safen ma ya haura dirhami 150. Ka duba sama kafin ka saya, in ana hazo ba abin da za ka gani. Daga tashar jirgi zuwa cikin kasuwar Dubai Mall akwai doguwar gada mai rufi, ta kusa kilomita ɗaya, ka tashi da wuri kar lokacinka ya wuce. In ka sauko, akwai katafaren gilashin kifaye a cikin kasuwar, ana ganin su daga waje ba biya.

Abin da zan hana ka shi ne yawon hamada da suke tallatawa a ƙofar otel. Wani ɗan kamasho ya karɓe mana kuɗi masu yawa, aka kai mu aka yi ta jijjiga mu a mota kan tudun yashi, aka ɗora mu kan raƙumi na minti biyu, wai sai mun ƙara kuɗi kafin a ɗauke mu hoto. Raina ya ɓaci ranar. Mu da raƙuma suke kawo kanwa har ƙofar gida, ba mu da buƙatar wannan. Haka masu tare ka a kasuwar zinariya suna cewa agogo, jaka, ka biyo ni sama, ka ce musu a'a ka wuce.

Ka rage wani abu na tsarabar mahaifiyarka. Dabino a kasuwar Waterfront ta Deira ya fi araha a kan na manyan kantuna, kuma ana ba ka ka ɗanɗana. Turaren wuta kuwa ka taya rabin abin da aka faɗa maka.

Ɗan Bagalam:

Na gode Baba Alhaji, na gode Hajiya, na gode Yaya. Na karanta wa Kawu duka a shago, da aka zo wurin jiragen katako ya ce gaskiya ne, shi ma can yake zuwa ya zauna in ya gama sayayya, bai taɓa gaya mini ba.

Na zauna da biro na yi lissafi. Ranar farko bakin ruwa da Al Fahidi da kasuwanni, kwale-kwale sau huɗu dirhami 4. Ta biyu bene da safe, in tikitin bai kai 200 ba, da yamma in tsaya kallon ruwan. Ta uku masallacin Abu Dhabi, 50 na bas, in ware 20 na ƙaramar mota. Katin Nol 25, in ƙara masa 20. Abin da ya rage wajen 50 na dabino da turaren Inna. Ya matse, amma ya shiga. Yaya, zan neme ka a kan tikitin. Baba Alhaji, ƙarfe nawa ya fi dacewa in je wurin lodin jiragen?

Alhaji na Sabon Gari:

Da hantsi, kafin rana ta ɗaga, lokacin ake lodi sosai. Ka sauka tashar Baniyas Square in ba ka son takawa, ka nufi ruwa. Ka yi wa masu jirgin sallama, yawancinsu Musulmi ne, wani lokaci har su kira ka shan shayi a sama. Ka tambaye su kwana nawa suke yi kafin su isa Barbara ta Somaliya, ka dawo ka gaya mini ko har yanzu haka ne. Hajiya ta yi gaskiya a kan benen. In ka hau, ka leƙa ta gefen arewa maso gabas ka nemo mini bakin ruwan nan, ka ɗauko mini hotonsa.