Neman kalma: me za mu kira "imiyun kwamfiles" kafin Lahadi?

Hajiya Aboabo: Salamu alaikum. Ranar Lahadi zan yi wa wani likita tafinta a shirin lafiya na rediyo nan Kumasi. Zai yi bayanin yadda ake gano "imiyun kwamfiles" a jini, wato sojan garkuwar jiki ya cafke baƙon abu sun manne, jini na yawo da su har su maƙale a ƙoda. Yana faruwa a ciwon hanta nau'in B. Me zan kira shi?

Ɗan Asawase: Gudajin garkuwa.

Ma'aikacin Lab: A'a, yayana. Kana cewa gudaji tsofaffinmu za su ɗauka jini ne ya daskare, alhali wannan ido ba ya ganinsa. Mukan zuba sinadarin PEG a ruwan jini, a sanyaya, a juya a inji, sai manyan waɗanda suka manne ɗin su kwanta a ƙasa kamar yadda ƙullun koko ke kwanciya. Ko a ɗana musu tarko da furotin C1q, wanda ke kama sojan da ya riga ya riƙe abokin gaba. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin Raji, wato ƙwayoyin halitta masu cafke su, waɗanda aka samo daga wani yaro ɗan Najeriya mai kansar Burkitt a 1963. Ni dai "dunƙulen garkuwa".

Malam Bakano: Dunƙule na miya ne. Ku ce "sarƙaƙƙiyar garkuwa". Kuma "lab" da "inji" ba Hausa ba ne, sai a Zango, unguwannin Hausawan Ghana.

Ɗan Asawase: Malam, da girmanka. Asibiti da likita fa, daga ina Kano ta samo su? Kakanninmu sun zo fataucin goro da Hausarsu, ba aro muka yi ba.

Malam Bakano: Ban raina kowa ba. Amma sarƙaƙƙiya ta fi nuna abu biyu sun riƙe juna.

Ma'aikacin Lab: Nan kam Malam ya yi gaskiya, don sojoji da yawa kan sarƙe da baƙi da yawa kamar raga. Sai dai kalmar na da nauyi a baki.

Hajiya Aboabo: Minti 20 kacal gare mu, jama'a. Zan ce dunƙulen garkuwa, in kawo misalin koko. Gwajin Raji kuwa har yanzu ba ku ba ni sunansa da Hausa ba.

Malam Bakano: To, ki faɗa. Amma in za a rubuta, sarƙaƙƙiya zan sa.