Neman shawara: hedifon mai rufaffen baya da kuɗina za su kai, don zirga-zirga tsakanin Gombe da Bauchi

Malami daga Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da tsawon bayanin. Ni malamin sakandare ne a nan Gombe, ina kuma karatun digiri na biyu a Bauchi, saboda haka kusan kowane ƙarshen mako ina kan hanya. A cikin mota nake sauraron laccocin da na naɗa da waya, da hirarrakin da na yi da dattawa don bincikena, sai kuma karatun Alƙur'ani idan kai ya gaji. Na daɗe ina amfani da ƙananan iyafis waɗanda ake cusawa cikin kunne, har kunnena na dama ya soma ƙaiƙayi da ciwo, likita ya ce in daina cusa komai a ciki. Wani abokin aikina ya ara mini babban hedifon ɗinsa, irin wanda bayansa ke da raga, sautinsa kuwa ya yi mini daɗi ƙwarai, amma ranar da na shiga mota da shi, dattijon da ke kusa da ni ya tambaye ni ko tsohuwar da ke magana 'yar garinsu ce, domin duk abin da take faɗa yana ji. Abin ya dame ni matuƙa, saboda mutanen nan amana suka ba ni, wasu ma maganar gado da rikicin gona suka yi. A gida kuma ɗaki ɗaya muke kwana da ƙanena, wanda yake kwanciya da wuri domin da asuba yake fita kasuwa, ga janaretan maƙwabci da ke tashi da zarar an ɗauke wuta. Kuɗin da ke hannuna na adashi ne, an kuma riga an taɓa su wajen gyaran babur da kuɗin makarantar 'yar yayata. Wani ɗan ajinmu yana da hedifon mai rufaffen baya, Beyerdynamic DT 770 Pro, na hannu, wanda ɗan'uwansa ya zo masa da shi daga waje, ya ce zai bar mini da sauƙi, har na ba shi kafin alƙalami. Yanzu kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Shin in cika masa kuɗinsa, ko akwai wanda ya fi dacewa da ni?

Baban Ummi, Tumfure:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Ka ba mu labarin adashi da na babur, amma ba ka faɗi nawa ya rage ba, ba ka kuma faɗi irin wayarka ba. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyin Samsung ma suka bi sahu, yayin da yawancin Tecno da Infinix da itel har yanzu suna da shi. Idan taka ba ta da ramin, shawarar gaba ɗaya za ta sauya.

Injiniya, Jekadafari:
Malam, bari in taƙaita maka wahala, domin na shafe shekaru ina aikin naɗar sauti. Wanda aka ara maka mai buɗaɗɗen baya ne, an yi shi ne don mai zama shi kaɗai a ɗaki, iska da sauti suna shiga suna fita ta ragar nan. Mai rufaffen baya shi ne daidai da kai, a nan ba ka yi kuskure ba. Matsalar tana kan wanda ka biya wa kafin alƙalami. DT 770 Pro iri uku aka fi sani: mai om 32, mai om 80 da mai om 250. Wannan lambar tana nuna yadda hedifon yake turje wa wutar da ake tura masa, kuma idan ta yi yawa, sai na'urar da ke da ƙarfin turawa ce za ta fitar da muryarsa sosai. Mai om 250 an yi shi ne don na'urorin situdiyo, ƙaramar waya kuwa za ka ƙure mata murya har ƙarshe ka ji kamar daga bayan katanga ake magana, balle a cikin motar da ke gudu tagogi a buɗe. Ban da haka ba ya naɗewa, igiyarsa kuma mai murɗe ce da ke kaiwa mita 3, ba a cire ta. Ka je ka karɓo kuɗinka ka nemi Sony MDR-7506. Tun 1991 ake ƙera shi, om 63 ne, kowace waya tana ɗaukarsa, yana naɗewa ya shiga jaka, kuma muryar ɗan Adam ce aikinsa, shi ya sa ya cika gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim. A Amurka kusan dala 100 ake sayar da shi. Duk wanda zai kawo maka wani suna bayan wannan, bai yi aikin ba ne.

Malami daga Pantami:
Na gode, Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi, ya ce 250 aka rubuta a jiki. Sai dai ni na gwada shi da kunnena a kwamfutarsa a cikin aji, na kuma ji komai tas. Ƙirar Jamus ce, an ce kuma ana samun kayan gyaransa ɗaya bayan ɗaya. Maganar naɗewa ba ta dame ni ba, domin jakata babba ce.

Injiniya, Jekadafari:
Kwamfuta daban, waya daban, aji daban, hanyar Bauchi daban. Ka saurara a inda babu ƙara, sannan kana so ka yanke hukunci a kan inda inji ke ruri.

Maman Sadik, Federal Low Cost:
Malam, ni abin da ba a faɗa maka ba shi ne zafi. Kowa ya san yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40. Soson hedifon da ke rufe kunne, idan an lulluɓe shi da fatar roba, yana tara gumi cikin ɗan lokaci, daga baya kuma ya soma ɓarewa. Nawa da na saya da tsada a wani shago, aka rantse mini na asali ne, bai shekara ba ya dinga zubar mini da baƙin gari a kan hijabi, ɓangare ɗaya kuma ya mutu. Da na mayar, yaron shagon ya ce yarana ne suka ja igiyar, alhali ko taɓa shi ba sa yi, maigidan shagon kuwa ya ƙi fitowa ma ya gan ni. Har yau abin yana ci mini rai. Wanda ɗan ajinku zai sayar maka, idan mai om 250 ne, sosonsa na yadi ne mai laushi kamar karammiski, ya fi shan iska, ana kuma iya cire shi a wanke. Mai ciwon kunne kamar kai, ni a ganina wannan ya fi masa.

Mai shagon waya, Bolari:
Ranka ya daɗe Injiniya, da girmamawa, zamani ya wuce inda ka tsaya. Rufaffen baya kawai yana tare ƙananan ƙararraki masu kaifi ne, kamar surutun mutane da kukan yara, amma rurin injin mota da na janareta, wanda yake ƙasa-ƙasa kuma ba ya yankewa, yana ratsa soso ya shiga. Abin da ke maganinsa shi ne hedifon mai kashe ƙara da kansa: yana da ƙananan makirufo da ke jin ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta su kashe juna. Soundcore Life Q30 na kamfanin Anker yana yin haka, kamfanin ya ce cajinsa yana kai awa 40, yana aiki da bulutut, yana kuma da igiya idan caji ya ƙare. Idan kuɗin ba su kai ba, akwai na Oraimo masu sauƙi, waɗanda ba sai an aika Legas ba. Hajiya kuma ki yi haƙuri, amma ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, kayan da ka sayar yau ba za ka iya sayo madadinsu gobe da kuɗin ba. Mutum zai zo ya ce na asali yake so, ka faɗa masa farashi ya ce ka cika tsada, ya tafi wani wuri ya sayi jabu da rabin kuɗin, bayan wata biyu ya dawo yana zagin 'yan kasuwa gaba ɗaya.

Maman Sadik, Federal Low Cost:
Ni ban nemi ragi ba, ɗana. Abin da aka faɗa shi na biya.

Injiniya, Jekadafari:
Mai shago kayan shagonsa yake tallatawa. Duk abin da ke da batir a ciki kwanansa ƙidayayye ne, zafinmu kuma yana gaggauta mutuwar batir, idan ya mutu kuwa ba kowane mai gyara ne zai iya canza shi ba. Mutumin da ke kukan ɗauke wuta za a ƙara wa abin caji? Sannan waɗannan na zamani an cika musu bes, wato amon ƙasa mai kauri, don masu jin kiɗa, muryar tsohuwa mai magana a hankali nutsewa take yi a ciki. Na faɗa, ina kuma maimaitawa, 7506.

Ɗalibar injiniyanci, Yelwa, Bauchi:
Baba Injiniya, a gafarce ni, amma aibin da ka ɗora wa DT 770 yana jikin naka. MDR-7506 shi ma igiyarsa mai murɗe ce, doguwa, mai nauyi, kuma ba a cire ta, wanda ke nufin a cikin motar da aka cika da fasinja za ta dinga maƙalewa, idan ta tsinke kuma sai an kai wa mai gyara ya buɗe. Sosonsa ma fatar roba ce irin wadda Mama ta yi kuka da ita. Malam, idan igiya kake so, ka duba Audio-Technica ATH-M40x, om 35, yana naɗewa, igiyarsa ana cirewa a sa wata, ko da yake waɗanda ke zuwa da shi dogaye ne, sai ka sayi gajera daban. Akwai kuma AKG K361 da ya fito a 2019, om 32, wanda yake zuwa da gajerar igiya mai mita 1.2 a cikin kwalinsa. ATH-M20x ya fi su arha, kusan rabin kuɗin na Baba, sai dai ba ya naɗewa kuma igiyarsa a manne take. Kowanne ka samu, kada ka biya sai ka haɗa shi da wayarka, ka kunna hirar da muryarta ta fi ƙasa, ka sa wani ya zauna kusa da kai ya gaya maka ko yana ji. Idan kana sa tabarau ka gwada da shi a fuskarka, domin ƙafar tabarau tana buɗe kafa tsakanin soso da kai, sauti ya dinga fita ta nan.

Injiniya, Jekadafari:
'Yata, karatu daban, aiki daban. Igiyar da kike raina ita ce ba ta tsinkewa. Waɗannan masu cirewar, bakin da ake sokawa ne yake fara lalacewa.

Ma'aikacin jinya, Tudun Wada:
Malam, duk kun tsaya kan suna, ni kunnenka nake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da babba zai saurara ba tare da cutuwa ba ita ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 40 a mako, kuma da an ƙara ƙarfin sauti kaɗan lokacin yake raguwa sosai. Abin da ke sa mutane ƙure murya shi ne gasa da ƙarar mota, don haka wanda ya fi tare ƙara shi ya fi kare kunne. Gumi da ɗumi a rufaffen kunne kuma suna iya tayar da ciwon da kake magani, sai ka riƙa cirewa kana hutawa. Kuma don Allah kada ka sa shi a kan babur. Mu muke karɓar waɗanda ba su ji hon ba.

Malami daga Pantami:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na karanta komai, amma ku ma ku duba nawa uzurin. Waɗannan da ake lissafawa ban taɓa ganinsu a shago a Gombe ba, sai dai a aika Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas, ko a saya ta intanet, ga kuɗin kawowa, ga tsoron jabu, kuma ba zan gwada ba sai bayan na biya. Wannan kuwa na riƙe shi da hannuna, na san gidan mai shi. Maganar Maman Sadik a kan soson yadi ta ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ban da haka, mutumin nan shi yake ba ni masauki idan lacca ta kai mu dare, ba zan iya buɗe baki in ce ya dawo mini da kuɗina ba. Na ji an ce akwai wata 'yar ƙaramar na'ura da ake sokawa a ramin caji, tana ƙara wa hedifon ƙarfi. Idan na haɗa da ita, ai matsalar om ɗin ta kau, ko ba haka ba?

Ɗalibar injiniyanci, Yelwa, Bauchi:
Akwai ta, Malam, amma ba duka ke da ƙarfin ɗaukar om 250 ba, masu ƙarfin kuma suna da tsada, suna kuma shan cajin waya. Sannan soson yadi bai kai na fata tare ƙara ba, wato abin da ka samu ta wajen zafi ka rasa shi ta wajen janareta.

Mai shagon waya, Bolari:
Idan ka haɗa kuɗin na'urar da cikon na ɗan ajinku, ai ka wuce kuɗin Q30. Ka biyo ta shago ka gwada, ba sai ka saya ba.

Injiniya, Jekadafari:
Ka ga abin da nake faɗa. Za a sa ka sayi abu uku don gyara abu ɗaya.

Malami daga Pantami:
Zan roƙe shi ya ara mini in shiga mota da shi ranar Juma'a, ko da yake ya ce akwai wani da ke nema, kuma yana so in cika kafin ƙarshen wata.

Baban Walid, Kumo:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a makare. A cikin waɗannan da aka ambata akwai mai makirufo na amsa kira? Nawa ɗana ne ya zauna a kai ya karya, kuma aikina duk na waya ne.