Ganyen kabeji da na karas da ake zubarwa a kasuwa, za a iya yin silej (abincin dabbobi da ake tsimawa a rufe) da shi don awaki?

Mai Awaki: Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Ina da awaki 9 a gida, kuma ƙanina yana sana'ar kayan gwari a kasuwar Yankaba da ke Kano, kullum sai ya kawo min buhu biyu na ganyen kabeji da ake ɓarewa da ganyen karas, wani lokaci har da tumatir da ya fashe. Awakin ba sa iya cinyewa, kwana biyu ya fara wari sai a juji, wallahi abin na min ciwo don nasan zuwa watan 4 harawa tsada za ta yi. Naji ance ana iya turawa a durom ya yi watanni, da gaske ne?

Na Kadawa: Wa alaikassalam. Ana yi malam, amma kar ka kuskura ka zuba shi ɗanye haka, kabeji kusan kashi 90 ruwa ne, ni karon farko haka nayi na buɗe na tarar da kunu baƙi mai ɗoyi, durom guda na zubar. Ka yayyanka ƙanana ka baza ya sha iska wuni ɗaya, sannan ka cakuɗa da dusa ko kowar wake ta tsotse ruwan. Gwajin shi ne ka damƙa a hannu ka matse, in ruwa ya ɗigo to da saura. Sai ka riƙa zubawa kaɗan kaɗan kana takewa da ƙafa har durom ya cika maƙil, ka sa leda ka rufe ruf, iska ita ce ke lalata shi. In kana da mazarƙwaila jiƙa 'yar kaɗan ka yayyafa, tana sa ya yi tsami da wuri. Kwana 21 kafin ka buɗe, mai kyau ƙamshin tsami-tsami yake yi.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai shanya ganyen karas ɗin nake a inuwa in zuba a buhu, ba ruwana da durom. Kabejin ne baya shanyuwa.

Ɗalibin Likitan Dabbobi: Yallaɓai abin da zan ƙara, kar ka haɗa da wanda ya riga ya ruɓe ko mai ƙasa a jiki. Silej ɗin da bai yi tsami sosai ba yana kawo cutar listeriya, zaka ga akuya ta karkata kai tana zagaye wuri ɗaya, kuma tana sa ɓari, to duk inda kaga fumfuna kwashe ka zubar. Kabeji in ya yi yawa yana rage musu jini, albasa ma haka, bawon dankalin turawa da ya yi kore kuwa kar ma ka sa. Ka fara ba su silej ɗin tafin hannu ɗaya tare da harawa kana ƙarawa a hankali cikin sati biyu, kuma kullum in ka ɗiba ka danne ka mayar da murfi.

Mai Awaki: Allah ya saka da alheri. Ina da durom na roba guda biyu, zan fara da ɗaya ranar Asabar in sha Allah. Na Kadawa, dusar masara ko ta alkama kake sawa?