Sugan mahaifinmu yana faɗuwa tun da ya fara shan maganin ciwon hanta nau'in C

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifinmu ya daɗe yana fama da ciwon suga, yana shan glibenclamide da safe, da daddare kuma ya yi allurar insulin. Kwanakin baya aka gano yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in C, likita ya ɗora shi a kan sofosbuvir da daclatasvir na mako 12. Tun da ya fara sha, sugan da a da ba ya saukowa sai da ƙyar ya riƙa faɗuwa, har wata asuba ya tashi rigarsa sharkaf da zufa, hannuwansa suna karkarwa, na'urar awo ta nuna 62. Shin maganin hantar ne bai karɓe shi ba, mu dakatar?

Amsar wata mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku dakatar da shi, domin idan aka sha shi ba fashi yana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu cutar. Wannan ƙwayar cuta tana hana jiki amfani da insulin yadda ya kamata, saboda haka da zarar magani ya fara kakkaɓe ta, sai adadin maganin sugan da ya yi wa mutum daidai a jiya ya zama ya yi masa yawa a yau. Tun a 2018 Hukumar Kula da Magunguna ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗin a sa ido sosai a kan sugan irin waɗannan majinyata, musamman a wata 3 na farko. Glibenclamide da insulin kuwa su ne kan gaba wajen kayar da suga. Ku kai shi wurin likita a yau, shi ne zai rage masa.

Amsar wani dattijo: 'Yata, duk awon da ya gaza 70 faɗuwa ce. Ku jiƙa sukari babban cokali ɗaya a ruwa ya sha, ku sake aunawa bayan minti 15. Idan ya fita hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Amsar wani ma'aikacin jinya: Na yarda da su, sai dai kada ku ɗauka ciwon sugan ya tafi ke nan. Wasu suna samun sauƙi mai ɗorewa, wasu kuma sukan yi ƙiba bayan hanta ta warke, sugan ya sake hawa. Idan an haɗa masa da ribavirin, wani maganin ciwon hantar da akan ƙara wa wasu, ku sanar da likitan suga, domin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, gwajin HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sugan watannin baya, ya nuna ƙasa da gaskiya. Ku riƙa rubuta awon safe da na kwanciya barci, ku tafi da takardar.