Me kuke dubawa a jikin babur kafin ku hau shi da safe?

Ɗan achaba daga Agege:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na kawo wannan zance ne saboda abin da ya same ni a daminar da ta wuce, kuma ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Mu biyu ne muke aiki da Bajaj Boxer ɗaya, ni da rana, abokina da dare. Wata safiya ya miƙo mini makulli bayan sallar asuba, na tayar na ɗauki fasinja ba tare da na taɓa komai ba, ashe a hanyarsa ta dawowa ya ratsa ruwan da ya shanye rabin taya. A wani layi kusa da Pen Cinema wata danfo, wato motar bas ta haya, ta tsaya a gabana ba zato, na taka birkin baya har ƙarshe, amma babur ya ci gaba da tafiya kamar ban taka ba. Allah ya taƙaita, fasinjan ya tsira da ƙujewa a gwiwa, amma har yau idan na tuna dattijo ne mai shirin zuwa asibiti sai gabana ya faɗi.

Bakanike daga Ikorodu:
Wa alaikumus salam. Sannu, ɗana, Allah ya kiyaye gaba. Na fi shekara 20 ina gyaran babura a garin nan, kuma abin da ya same ka na sha ganinsa. Birkin Boxer, gaba da baya, na cikin kwano ne: idan ka taka, fatar birki ce take buɗewa ta dafe jikin kwanon daga ciki, saboda haka da zarar ruwa da laka sun shiga sai ta yi santsi ta daina kamawa. Maganinsa shi ne kafin ka hau ka tura babur da hannu, ka matse na gaba ka ga ya tsaya cak, sannan ka gwada na baya. Idan ka ratsa ruwa kuwa, ka yi ɗan tafiya a hankali kana taɓa birkin kaɗan-kaɗan har zafi ya busar da shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne notin da ke ƙarshen sandar birkin baya. Yara suna ta ɗaure shi duk lokacin da birki ya yi nisa, har ya ƙure, alhali ƙurewarsa ita ce shaidar cewa fatar ta cinye, canji take bukata. Wayar birkin gaba kuma ku riƙa leƙa bakinta inda ta shiga hannu, domin danshin Legas yana sa ta tsatsa, kuma idan kun ga zare ɗaya ya tsinke sauran suna kan hanya.

Akwai wani abu da ya canza mana aiki. Tun da gwamnatin Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta hana achaba a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland daga 1 ga Yunin 2022, sannan a watan Satumba ta ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu, yawancin yaranmu sun koma lungunan Ikorodu, Alimosho da Ojo, inda ramuka da gargada suke kwance noti kullum. Saboda haka notin taya da na kan babur su ma a riƙa taɓa su. Sarƙa kuma a ɗaga ta da yatsa a tsakiya: ta motsa kimanin santimita 2 zuwa 3. Idan ta wuce haka tana iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu, idan kuma ta yi tauri sosai tana cin haƙoran da take bi.

Mai kai saƙo da babur, mazaunin Idi-Araba:
Baba ya gama magana kan birki, ni tawa kan taya ce. Na taɓa sayen tsohuwar taya saboda arha, zanenta da kyau a ido, sai ta fashe mini da rana tsaka ina ɗauke da kayan mutane. Mai facin da ya duba ta ne ya nuna mini lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ashe ta daɗe a ajiye har robar ta bushe ta tsattsage. Yanzu kowace safiya nakan kafe babur in juya tayoyin biyu da hannu ina neman ƙusa ko tsaga, kuma iska nakan sa a auna mini kafin tayar ta yi zafi, domin zafi yana ƙara awon ya yaudari mutum. Baƙin mai ma ina duba shi a kan ƙasa mai daidai, kafin in tayar da inji.

Sabon ɗan achaba daga Ojo:
Yaya, ni an koya mini cewa idan ana ruwa a rage iskar taya don ta fi kama ƙasa. Wata uku ke nan ina yin haka.

Bakanike daga Ikorodu:
Ka daina daga yau, ɗana. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana lanƙwasa a kwana, tana zafi, kuma idan ka faɗa rami bakin ƙarfen yana iya tsaga robar ciki. Abin da ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya zanenta ne, idan ya shafe sai sabuwa.

'Yar kasuwa a Mile 12, mazauniyar Ikorodu:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba na tuƙi, amma kullum sai na hau daga bakin titi zuwa gida. Ina roƙon 'yan'uwana maza ku daina cire murfin sarƙa. A gabana gefen hijabin wata maƙwabciyata ya shige tayar baya ya fizgo ta ƙasa, ta yi makonni ba ta iya juya wuya. Tun ranar, kafin in hau sai na duba ko akwai murfin, ko matakin ƙafa yana nan daram, sannan in tattare mayafina a cinya. Hular kwano kuma, wadda aka fara tilasta sa ta tun watan Janairun 2009, yawancin waɗanda ake miƙo mana igiyarsu a tsinke take, kuma hular da ba a ɗaure ba ita ce take fara barin kai idan an faɗi.

Ɗan achaba daga Agege:
Na gode, Hajiya, murfin namu ma a cire yake, yana ƙarƙashin gado, kuma yau zan mayar da shi. Na karanta wa abokina duk abin da kuka rubuta, mun yi alkawarin cewa mai miƙa makulli zai faɗi inda ya bi da abin da ya ji a jikin babur, mai karɓa kuma zai gwada da hannunsa a gabansa. Da safiyar nan da muka fara, ina taka birki yana tsaye a baya, sai ya ga fitilar birkin ba ta kamawa ko kaɗan. Baba, mun canza ƙwan amma har yanzu ba ta kawo ba, ko daga makunnin da ke jikin matakin birki ne matsalar?