Kayan garata sun fara wuce wa'adi, in zubar ko mu ci?

Amarya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Tun bikina bara aka kawo min gara: taliya kwali biyar, madarar gari, man gyaɗa da tumatirin gwangwani. Mu biyu ne kacal a gidan, mun kasa cinyewa. Jiya ina gyaran sito na ga kwanan watan taliyar ya wuce da wata biyu, gwangwanin tumatir uku kuma sun kumbura. Maigida ya ce in zubar duka, Mama ta ce almubazzaranci ne a wannan tsadar. Wallahi na rasa ta wa zan bi.

Wata uwargida: Wa alaikumus salam ƙanwata. Koma ki duba haruffan da ke gaban kwanan watan. MFD ranar da aka yi abin ne. BB na nufin bayan wannan ranar ɗanɗano ko ƙamshi zai iya raguwa, ba wai ya zama guba ba. EXP kuwa ranar ƙarewar wa'adi ce, ba a wasa da ita. Taliya busasshiya ce, in ledar ba ta huje ba, babu ƙwari, babu warin rima, ki dafa abinki. Abin da ba za ku iya ci ba ki ba maƙwabta tun yanzu.

Ma'aikaciyar jinya: Amarya, don girman Allah gwangwanin da ya kumbura kada ki ko ɗanɗana, ko da wa'adinsa da saura. Iskar da ta cika shi tana iya zama alamar ƙwayar cuta na rayuwa a ciki, kuma akwai wadda gubarta ke shanye jiki har numfashi ya tsaya, ba lallai ki ji wari ba. Ki ƙulle su a leda ki jefar inda yara da awaki ba za su kai ba. Haka mai tsatsa ko wanda ya lotsa ta wajen haɗi. Ki yi wa Mama bayani cikin ladabi, za ta gane.

Mai shagon kayan masarufi: Ni dai Hajiya sitonki nake zargi. Wa'adin da kamfani ya rubuta na wuri ne mai sanyi da bushewa. A zafin Afrilu da ake haura digiri 40, ɗakin kwano kan lalata mai da madara tun kafin lokacinsu. Ki shinshina man, in ya yi maƙaƙi ya tashi daga aiki. Ki ɗora kwalayen a kan katako, nesa da bango, kafin damina ta shigo.

Amarya: Na gode ƙwarai. To madarar fa? Na buɗe gwangwani ɗaya tun azumi.

Ma'aikaciyar jinya: Da zarar an buɗe, kwanan watan jiki ya daina aiki. In ta dunƙule ko ta sauya launi, rabu da ita. In Allah Ya kawo rabo ki riƙe wannan: ta jarirai wata ɗaya ne bayan buɗewa. Tumatir ma in kin fasa, juye ragowar a roba mai murfi ki sa a firji, ki ƙarar cikin kwanaki kaɗan. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4 ne kawai.

Amarya: Na duba yanzu, BB ne a jikin taliyar. Tumatir ɗin kuma na ƙulle su, gobe mai shara zai tafi da su.