Ƙarin ƙwarewa a fatolojin jarirai da mabiyiya: ta ina ake farawa daga Jos?

Likita_Rayfield: Assalamu alaikum manyanmu. Mai shirin kammala horon fatoloji (binciken nama da gawa don gano cuta) a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, idan yana son ya ƙware a binciken mabiyiya da gawar jariran da aka haifa ba rai ko suka rasu a kwanakin farko, wace hanya zai bi? Kuma me ya kamata ya iya kafin ya nemi gurbi?

Dr_Garki: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara kammala na gida tukuna, wato shaidar ƙwarewa, ko FMCPath ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko FWACP ta kwalejin likitocin Afirka ta Yamma, domin a kan wannan ake ɗora komai. A Birtaniya fatolojin jarirai fanni ne mai zaman kansa, da jarrabawarsa a kashi na biyu na FRCPath, jarrabawar kwalejin likitocin fatoloji ta can, kuma sai ka yi rajista da GMC, hukumar rajistar likitocinsu. A Amurka feloshif, wato horon ƙarin ƙwarewa, na fatolojin yara shekara ɗaya ne, amma sai da USMLE, jarrabawar lasisin likitocinsu, da takardar ECFMG, mai tantance likitocin da suka yi karatu a waje, kuma mai son shaidar hukumar fatolojinsu sai ya yi horon fatoloji a can. Hanyar Amurka ta fi tsawo ga wanda ya riga ya gama a nan.

Hajiya_Histo: Abin da Dokta ya faɗa haka yake, amma ni shawarata, ɗana, kada ka jira biza. Mabiyiya tana nan kullum a ɗakin haihuwa, ita ce makarantarka ta farko. Ka nemi ƙa'idojin Amsterdam na 2016 kan binciken mabiyiya ka riƙe su da kyau.

Ana yanke igiyar cibiya da tantanin kafin a auna nauyi, in ba haka ba lissafin ya ɓaci. A auna tsawon igiyar, a duba inda ta kama, a ƙirga jijiyoyinta: uku ne, biyu masu kai jini ɗaya mai dawowa da shi. A kifa mabiyiyar a duba ɓangaren uwa, ko akwai daskararren jinin da ya lotsa naman, alamar ta ɓalle kafin haihuwa. Sannan a yayyanka ta tsakanin santimita 1 zuwa 2. Mafi ƙaranci bulo huɗu, wato yankan naman da ake daskararwa a kakin zuma don dubawa a madubin likita: ɗaya na naɗin tantani da yanka biyu na igiya, uku na naman daga sama har ƙasa, a ɗauko daga tsakiya, domin gefe yakan nuna mutuwar nama ko a lafiyayyen ciki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ajiya. Firiji a digiri 4 ya isa na kwana biyu zuwa uku. Firiza kuwa haramun ce, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin jini, silaid, gilashin da ake ɗora naman a duba, ya fito ba abin karantawa. Wani kuma ya cusa mabiyiya sukutum a ƙaramin bokiti da fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ɗan kaɗan, waje ya kama, ciki ya ruɓe. A yi amfani da fomalin kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa. Wannan ya shafe mu sosai a nan: fomalin mai tsami yana barin baƙin ɗigo mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, sai a rubuta maleriya alhali babu, ko a yi watsi da ta gaske.

Likita_Rayfield: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. To batun gawa fa? Iyaye ba sa yarda.

Malam_Bukuru: Nan ne gizo ke saƙar, kuma bai kamata a ga laifinsu ba. Uba yana son a yi sutura kafin la'asar, dangi kuma suna jiran mabiyiya su binne. Ita mabiyiyar da sauƙi: a nemi izini, a ɗebi abin da ake buƙata tana sabuwa, a mayar musu da saura a ranar.

Gawa kuwa, akwai abubuwa da yawa da ba sa buƙatar wuƙa. Nauyi, tsawo, kewayen kai, da tsawon tafin ƙafa, wanda ke nuna makonnin cikin ko da jikin ya saki. Saɓulewar fata tana taimakawa wajen ƙiyasta tun yaushe ɗan ya rasu a ciki. A ɗauki hoto, a yi eksire idan ana zargin matsalar ƙashi. Akwai kuma ɗibar nama da allura daga huhu, hanta da ƙwaƙwalwa, wato MITS, wanda CHAMPS, shirin binciken dalilan mutuwar yara, ya yi aiki da shi a Mali, Kenya da Mozambik; ba a buɗe jiki, kuma ba ya jinkirta jana'iza sosai. Idan an samu cikakken izini, a buɗe gawa, ka auna nauyin kowane sashe na kayan ciki da ƙwaƙwalwa. Nauyin ƙwaƙwalwa kusan ninki uku ne na hanta. In ya haura haka sosai, yaron bai samu isasshen abinci daga mabiyiya ba.

Kuma wanda zai nemi izinin ya zama likitan da matar ta sani, ya zauna da ita da mijinta, ya faɗa musu amfanin abin ga ciki na gaba.

Dr_Garki: Ƙari ɗaya. Ka buɗe kundin aiki daga yau: makonnin ciki, tarihin uwa kamar hawan jini, sikila ko ciwon suga, abin da ka gani da ido, abin da silaid ya nuna, da sa hannun babban likitanka, ba tare da sunan majiyyaciya ba. Ka riƙa kai sakamakon taron bitar mace-macen jarirai da likitocin mata da na yara, ka rarraba dalilan bisa ICD-PM, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na rarraba dalilan mutuwar jarirai. Masu tantance takardu wannan kundin za su fara tambaya, tare da wasiƙar shugaban sashenka.